Hoton Gwaggo Hermencia

Bogotá, 9 ga Fabrairu, 2009

Gwaggo Hermencia,

Ki sa mini albarka. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Don Aristóbulo da duk ma'aikatan gidan matsar rake. Yaya gwiwar? Idan har yanzu tana kumbura, don Allah ki daina bin alfadaran dakon rake zuwa gangare, ai sun san hanya. Ni lafiyata ƙalau, sai murar Bogotá da ba ta sakin mutum. Mazarƙwailar da kika aiko ta hannun Don Libardo direba ta iso, da ruwanta mai zafi nake karyawa kullum.

Ga albishir. An zaɓe ni cikin mutum huɗu da za su wakilci makarantarmu a wata gasa a Boston, can Amurka, a watan Afrilu. Gasa ce ta ɗaliban digiri na biyu a fannin kasuwanci. Wani babban kamfani yakan kawo matsalar da ke damunsa a ƙasashe masu tasowa irin tamu, kowace ƙungiya ta nemo mafita, ta tsaya gaban alƙalai ta kare ta. Kin san matsalar bana? Mazarƙwaila! Turawa sun fara gudun farin sukari, wani kamfanin abinci yana son sanin yadda zai riƙa samunta da yawa, mai tsabta, kullum iri ɗaya.

Shekara ɗaya da rabi nake ajin nan, in na buɗe baki sai an yi murmushi saboda harshena na ƙauye. Amma ranar da aka karanta mana matsalar, Catalina shugabar ƙungiyarmu, wadda ba ta taɓa ganin rake a tsaye ba, ta juyo ta ce, "Ferney, wai da gaske cikin abin nan ka girma?" Na ce mata a kan tarin tukar rake na koyi tafiya. Rabin awa ina magana, ba wanda ya katse ni. Gwaggo, ban taɓa jin haka ba.

Ina neman taimakonki. Manoma nawa ke kawo miki rake yanzu, su wane ne, yaya kuke rabo? Gidajen matsa nawa suka rage a yankinmu? Me ya fi damun kowa? Kada ki ɓoye komai, ko abin da kike ganin ƙarami ne. Hotunan da na ɗauka lokacin Kirsimeti ma za su yi amfani.

Ɗanki,
Ferney

Chitaraque, 20 ga Fabrairu, 2009

Ɗana Ferney,

Allah ya yi maka albarka, Budurwa Maryamu ta lulluɓe ka. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana halinta, ni ma ina nawa. Don murar, ka matse lemon tsami a ruwan, ka daina fita ba hula kamar ɗan birni.

Na karanta wa ma'aikata takardarka a bakin murhu. Don Aristóbulo ya ce, "Wato shekara arba'in ina juya kasko, ashe digiri nake yi ban sani ba? A gaya wa yaron ya karɓo mini takardata." Aka yi ta dariya. Ni kuwa na juya baya don kada su ga idona. Ranar da aka binne ubanka na ɗauke ka kana shekara huɗu, ban taɓa zaton zan rubuta sunanka kusa da Amurka ba.

Ga abin da ka tambaya. Manoma tara ke kawo mini rake, rabi nasu rabi nawa, kamar yadda kakanka ya bari. Campo Elías ya fi kowa gona, ya kuma fi kowa mita. Kullum cewa yake raken nasa ne, guminsa ne, me ya sa zan ɗauki rabi. Ni kuma in ce ya je ya matse shi da haƙoransa. Idan shi ya juya baya, surukinsa Evelio zai bi shi, bayan Evelio sai 'yan gidan Pinzón uku, sauran kuwa alfadarai ne, inda na gaba ya sa ƙafa nan suke sawa. Shi ya sa nake lallaɓa tsohon, nake fara matse nasa duk wata.

Gidajen matsa goma sha huɗu ne suka rage daga nan zuwa gada. Abin da ke damunmu duka ɗaya ne: masu duba tsabta. Sun ce a sa tayil, a rufe ko'ina da raga saboda ƙudan zuma, a canja kasake zuwa na farin ƙarfe. Sun ɗiba mana lokaci, kuma a cikinmu ba wanda ya yi ko rabi. In sun zo mukan ba su abinci mai kyau su tafi. Wannan tsakaninmu ne.

Ka je ka nuna musu daga inda ka fito. Ka sa baƙar rigar nan, ta fi yi maka kyau.

Gwaggonka,
Hermencia

Boston, 19 ga Afrilu, 2009

Gwaggo,

Albarkarki. Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. A gurguje nake rubutu.

Mun ci! Ƙungiyoyi ashirin da biyu, daga Indiya, Brazil, Afirka ta Kudu, har da manyan makarantun Amurka, mu muka zo na ɗaya. Ni na buɗe jawabin. Da hotonki ya fito a kan babban allo, kina tsaye gaban kasko da ludayi, zauren ya yi tsit. Ɗaya daga cikin alƙalan ta ce a duk gasar ba wanda ya san wurin da yake magana a kai kamar ni. Mutanen kamfanin sun ce ba za su bar aikin nan a takarda ba, za su zo Chitaraque da kansu. Mazarƙwailar garinmu za ta shiga duniya, Gwaggo.

Sun ɗauke ni aikin gwaji na wata shida a ofishinsu na Bogotá. Zan yi miki cikakken bayani in na dawo.

Ferney

Chitaraque, 11 ga Mayu, 2009

Ɗana,

Allah ya ƙara albarka. Kowa lafiya. Gwiwar ma tun da takardarka ta zo ta ji kunya ta lafa.

Ba ka san abin da ka tayar ba. Fada ya sanar a coci ranar Lahadi, aka tafa, har Campo Elías ya zo ya ba ni hannu. Ya ce, "Doña Hermencia, an ce Turawa sun ga fuskarki sun kasa magana. Ni na daɗe da sanin wannan fuskar tana kashe baki." Na ce masa ya yi hankali, yanzu ni 'yar Amurka ce.

Na sa an shafe gidan matsa da farar ƙasa, an gyara rufin da ke yoyo, an share hanya tun daga titi. Na sayar da maraƙi biyu na sayo raga da kasko guda na farin ƙarfe, don kada baƙinka su zo su raina mu. Na kuma tara manoman na ce kowa ya ƙara shuka, ko ina ya samu fili, don masu saye daga waje suna tafe. Sun ji maganata, har gonar rogo Evelio ya nome ya sa rake. Shi kuwa dillalin nan na kasuwar Santana da ke taya mana kaya kamar yana ba mu sadaka, ranar Asabar na gaya masa abin da na shekara ashirin ina haɗiyewa.

Ka gaya mini ranar zuwansu da mako guda, in yanka kaji. Suna cin barkono?

Gwaggonka

Chitaraque, 14 ga Satumba, 2009

Ferney,

Allah ya yi maka albarka. Wata huɗu ke nan ba takarda. Don Libardo ya ce ya kai maka biyu hannu da hannu, ya gan ka da taye a wuya irin na ma'aikatan ofis, ka yi ƙiba. To, mun gode Allah, tunda ba ciwo ba ne. Mu ma muna nan.

Baƙinka sun zo. Farar mota, mutum uku, babu Bature ko ɗaya, 'yan Bogotá ne. Ina tsaye a bakin hanya da sabon mayafina, suka wuce ni suna ɗaga hannu. Na ce ko ɓatan hanya ne, na tura a bi su. Ashe gidan Campo Elías suka nufa. Suka yi awa biyu. Daga nan sai gidan Evelio. Washegari 'yan gidan Pinzón, ɗaya bayan ɗaya.

Na zauna na yi ta juya abin a raina. Wanda bai san garin nan ba, da gidan Pinzón zai fara, don shi ne a bakin titi. Waɗannan kuwa sun bi gidajen kamar yadda na jera su a takardar da na rubuta maka.

Yanzu suna awon filin da ke kusa da gada. Masu duba tsabta kuma sun dawo sau biyu cikin wata guda, ba su ko zauna ba balle su ci abinci. Na tambayi Campo Elías me aka tattauna, ya ce, "Ki tambayi ɗanki mana, shi ne mai ilimin."

To, ga shi ina tambaya.

Hermencia

Bogotá, 2 ga Oktoba, 2009

Gwaggo,

Ki sa mini albarka, ki kuma yafe shirun. Aiki ne ya sha kaina, lafiyata lau. Na ji daɗi da kika gyara rufin.

Ina jin an sami rashin fahimta. Ban ce za su sayi mazarƙwaila daga gidan matsarmu ba. Cewa na yi ta garinmu za ta shiga duniya, kuma za ta shiga. Ki sake duba takardar. Shirin shi ne a gina masana'anta guda ta zamani kusa da gada, ta riƙa sayen rake kai tsaye daga manoma. Manomi zai sami fiye da abin da yake samu yanzu, a biya shi a ranar. Tsofaffin kasake suna asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na zaƙin rake, wannan ba ra'ayina ba ne, an auna. Ko da ba mu faɗa ba, wani zai faɗa. Duniya ce ke tafiya haka.

Da na san za ki sayar da maruƙa da na hana ki. Me ya sa ba ki jira bayanina ba?

Batun masu duba tsabta, ba hannuna a ciki. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a nan, ba a shawara da ni. Amma ina magana da shugabana a kan a sama miki wani matsayi. Ki ba ni lokaci. Kada ki saurari masu zuga.

Ɗanki,
Ferney

Chitaraque, 8 ga Maris, 2010

Ferney,

Muna raye. Ina fata kana lafiya.

Na sake duba takardar kamar yadda ka ce. Gaskiyarka, ba ka ce za su saya a wurina ba. Ka iya zaɓen kalma, ba a banza aka ba ka na ɗaya ba. Na yi niyyar ba zan ƙara rubutu ba sai na huce, shi ya sa ka ji ni shiru wata biyar. Abin da ya faru jiya ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kamfaninku ya kira taro a makarantar firamare, aka raba wa manoma wani ɗan littafi mai sheƙi, da Turanci, wai aikin da ya ci gasa ne, don su ga abin ba wasa ba ne. Evelio ya kawo mini nasa yana murna, ya ce, "Doña, ga ki nan a shafi na biyu!" Ga ni kuwa, da tsohuwar atamfar aikina, gumi ya jiƙa ni, ƙudan zuma a bakin kasko, kare kwance a bayana. A ɗaya shafin wata yarinya ce da farar hula da safar hannu, a ɗaki mai walƙiya.

Na ɗauka na tafi wurin Malama Nubia, tunda ita ke koyar da Turanci. Ta duba, ta ce, "Ai ba wani abu ba ne, Doña, bayanin sana'a ne kawai."

Na ce, "Nubia, ni na riƙe ki a coci ranar da aka yi miki baftisma. Karanta mini."

Ta ce, "A saman naki an rubuta: Matsalar. A saman na yarinyar: Mafita."

"A ƙasa fa? Na ga kalmomi uku."

Ta ce, "Ƙazanta. Asara. Tsufa."

Na sa ta juya shafi. Akwai zanen gidaje tara da kibiyoyi, an sakaya sunaye, amma an rubuta cewa idan aka shawo kan na farko sauran za su biyo kamar alfadarai. Har alfadaran nawa ka kai musu, Ferney. A shafi na gaba an ce gidajen matsa goma sha huɗu ba wanda zai tsallake dokar tsabta, don haka ba za su daɗe suna gogayya ba. Abin da na ce maka tsakaninmu ne.

Wato shirun da zauren ya yi ke nan. Ni kuma na sa Fada ya sanar a coci.

Da ɗan gari akan ci gari, na sha jin haka, ban san a tukunyata ake dafa wa ɗan garin abinci ba. Bakwai cikin tara sun sa hannu jiya. Ban ga laifinsu ba, ni na ce su ƙara shuka, yanzu suna da raken da ya fi ƙarfin injina. Abu ɗaya nake so ka gaya mini, kuma kada ka zaɓi kalma: wa ya sa hoton?

Hermencia Quiroga

Bogotá, 21 ga Maris, 2010

Gwaggo,

Ban san ko ina da bakin neman albarka ba. Ba na barci sosai, amma ba ciwo nake ba.

Ni na sa shi. Ni na rubuta kalmomin uku.

Shirin da na fara kawowa daban ne. Na ce kamfanin ya gyara tsofaffin gidajen matsa, ya sa musu tayil da kasake, ya riƙa saye daga gare su. Malamin da ke horar da mu ya saurara ya ce, "Wannan zai burge kakarka, ba zai burge alƙalai ba. Gasa kuka zo ci ko sadaka kuka zo rabawa?" Aka yi dariya, irin dariyar da na sani. Catalina ta ce, "Ferney, kai kaɗai ka san inda tsarin nan yake da rauni. In ba za ka faɗa ba, me ya kawo ka cikinmu?" Sai na fito da takardarki.

Na gaya wa kaina wasan makaranta ne, minti ashirin a gaban allo, kowa ya watse. Ƙungiyoyi nawa suka ci gasa aka manta da aikinsu a aljihun tebur? Hotuna goma sha biyu gare ni, har da wanda kike dariya da Don Aristóbulo. Na zaɓi wanda karen ya fito, don na san shi zai yi aiki. Da suka tafa, Gwaggo, daɗi na ji. Wannan ne abin da na kasa rubuto miki wata da watanni.

Sun tabbatar da ni a aiki. Na yi magana da shugabana, ga abin da na samo. Suna son suna da fuska a kan kwalin da za a kai waje, don masu saye a can suna son su ga mutumin ƙauye na gaske. Za a kira ta Mazarƙwailar Doña Hermencia. Za a zo da mai hoto, a yi miki kwalliya, kuma za ki riƙa samun wani abu duk wata har ƙarshen rayuwarki, ba tare da kin ƙara tsayawa gaban wuta ba. Na san ba zai goge komai ba. Amma don Allah ki duba. Ki bar ni in zo mu yi magana.

Ferney

Chitaraque, 29 ga Nuwamba, 2010

Ferney,

Ina lafiya. Tunda ba na hawa gangare yanzu, gwiwa ta samu abin da take so.

Takardunka huɗu suna nan, na karanta duka. Ta farkon ce kawai ke buƙatar amsa, ita ma na jira sai komai ya ƙare don kada in rubuta da zafi.

Mun yi matsar ƙarshe a watan Agusta, da ɗan raken gonata, kwana ɗaya da rabi. A Satumba masu duba tsabta suka liƙa takardar rufewa a ƙofa. Cikin gidajen matsa goma sha huɗu, uku ne ke hayaƙi yanzu. Masana'antarku ta ɗauki huɗu daga cikin ma'aikatana goma sha biyu, masu ƙuruciyar. Don Aristóbulo ya sa rigarsa ta coci ya je da ƙafarsa, ya ce musu shi ne mai sanin lokacin da ruwan rake ya nuna. Wani yaro mai farar hula ya nuna masa agogon da ke jikin tukunya, ya ce, "Baba, wannan ma ya sani." 'Yarsa ta zo ta tafi da shi Tunja. An ce yini yake a bakin taga.

Campo Elías ya sayi babur. Yana gaishe ni da ladabi fiye da da, abin da ya fi zagi ciwo.

Batun kwali, ka gaya wa shugabanka na gode. Fuskar da ta yi muku aikin ƙazanta ba za ta yi muku aikin tsabta ba. Ku nemi wata tsohuwar, muna da yawa yanzu, kuma duk ba mu da aikin yi.

Ranar Asabar aka yi addu'ar shekarar ubanka. Mutane za su biyo gida bayan coci, na duba rumbu babu ko ɓallin mazarƙwaila. Shekarata sittin da biyu ban taɓa sayenta ba. Na tafi kantin Edilma na tsaya ina kallon kayan kantin kamar baƙuwa. Ta ce, "Doña, wacce za a ba ki?" Na ce ai iri ɗaya ce ta rage, ta masana'antarku. Ta naɗe mini a jarida don kada a gani a hanya, Allah ya saka mata.

Na dafa, na zuba wa baƙi, ina jira in ji wani ya ce ba ta kai tawa ba. Suka sha, suka ƙara, ana ta hirar ruwan sama. Da suka watse na zuba wa kaina kofi guda, na zauna a kicin na kurɓa a hankali ina neman aibinta. Na nemi ɗaci, na nemi ƙauri, na nemi ɗanɗanon ƙarfe. Babu. Tana da daɗi, Ferney. Ba tsakuwa, ba ƙafar ƙudan zuma, launinta kamar zuma. Na shanye, na wanke kofin.

Ka ci gasarka da gaskiya. Na ga ya kamata ka ji daga bakina.

Allah ya yi maka albarka, don ba a hana ɗa ita. Amma kada ka zo tukuna.

Hermencia